Mujadalar Intel da AMD a Matameye

Wata mas'ala ta taso tsakanin samarin Matameye masu shagunan buga takardu, wadda ta raba su mazhaba biyu, har ta kai ba a gama shayin la'asar sai an yi mujadala a kanta: shin ƙwaƙwalwar Intel ce ta fi sauri a cikin kwamfutar tebur, ko kuwa ta AMD? Mabiya Intel suna kafa hujja da girman shekaru, domin an kafa kamfaninsu a 1968, AMD kuwa sai a 1969. Mabiya AMD kuma suna cewa tun da ƙwaƙwalwar Ryzen ta AMD ta fito a 2017 aka shafe wancan hukunci, ga sauri, ga ƙarancin shan wuta.

Alhali kuwa dukkan injinan da ake wannan jayayya a kansu tsofaffi ne da aka sayo daga Kano ko Damagaram, aikinsu bai wuce buga takardar neman aiki da katin biki ba, kuma idan zafin Afrilu ya haura digiri 40, ƙura ta toshe fanka, kuran ya ɗauke, babu kwamfutar da take fin 'yar'uwarta gaggawa wajen yin shiru. Fatawata dai, ya ɗan'uwa, ka fara sayen batir da farantin sola, sa'annan ka zo mu yi bahasin gigahaz.