Zaure Ya Zama Kamfani

A unguwarmu an gano sabon arziki: tsohon zaure. A fasa bangon da ke kallon titi, a kafa ƙofar ƙarfe ta gwanjo, shi ke nan an shiga kasuwanci.

Birkila ya rantse buhun siminti biyu ya isa. Ya kuwa isa, tunda gaban kawai aka shafe. Bayan kuma an bar wa damina ta yanke hukunci. Fenti galan ɗaya, an tsinka shi da ruwa har ya manta launinsa.

Allon suna dai ba a yi masa rowa ba, ya fi ƙofar faɗi: "Masu Shigo da Kaya daga Dubai". A kanta kuwa, Maggi, ashana, sabulu uku. Garar da ke cikin azara ce babbar mai hannun jari, don ta riga kowa tarewa.

In za ka sayayya, taho da canjinka.