Tiya Tara

Da a ce masu jami'o'in Ingila sun taɓa zama da manomi, da ba su sa buɗe makaranta a ƙarshen Satumba ba. Lokaci ne da ba ka samun mai zaman banza a ƙauye. Gero ya nuna, yara tun asuba suna gona suna kaɗa gwangwani don korar tsuntsu, ana shirin cirar gyaɗa, malka ta wuce amma ta bar hanya duk taɓo, sauro kuwa ya ƙoshi har ba ya gudun tafi. A wannan tsakanin na je ƙauyenmu da ke bayan Wudil yin sallama, da biza a fasfo, da jaka guda, da wata jibgegiyar rigar sanyi da na tsinto a gwanjon Ƙofar Wambai. Niyyata in gaida dangi, in ci tumu da ƙwan zabi, in nemi albarka, in juya Kano.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta faɗar sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Duk abin da za ta gaya mini sai ya bi ta bakin autarmu, ko da ina zaune a gabanta. "Ki ce wa wancan an ce ƙasar da za shi babu kuka." Ashe tun ranar da labarin tafiyata ya iso gida take yanka kuɓewa tana shanyawa. To, shanya a damina wahala ce. A shimfiɗa tabarma, hadari ya taso daga gabas, gida ya kaure da gudu a kwashe. Rana ta leƙo, a sake bazawa. Abin da ruwa ya bari, akuya ta ɗanɗana. Duk da haka ta tara abin da zai yi wa gidan biki miya.

Da daddare a zaure na yi wa Baffa bayani cewa jirgi kilo 23 ya yarje mini. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu: buhu kilo 100, tiya 40.

"Wato tiya tara ke nan da ɗan ɗori?"

"Haka ne, Baffa."

"Jirgin nan da ke kwasar alhazai ɗaruruwa a tashi ɗaya?"

"Shi, Baffa."

Ya girgiza kai ya ce jakinsa da ya tsufa ma ba a yi masa wannan raini.

Kashegari aka fara sallama. Kowa ya shigo da addu'a a baki da ƙulli a hannu. Mai unguwa ya aiko da zakara, da ransa. Goggo ta kawo man shanu a kwalba, Kawu ya kawo kilishi naɗe a takarda. Wata maƙwabciyarmu ta kawo ƙullin yaji da wasiƙa in kai wa ɗanta da ke Madina, tunda dai ta sama zan bi, ai hanya ce. Na tattaro ladabi na ce dokar Ingila ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko wani abu da aka yi da nono. Goggo ta ce man shanu mai ne, wa ya taɓa dama fura da shi? Kawu ya ce kilishi ya bushe, ya daɗe da tashi daga nama. A gidanmu ba a jayayya da manya, sai dai a ce "to". Na ce "to" har bakina ya gaji.

Aka aro sikelin mai sayen riɗi, irin mai ƙugiya, aka rataye a reshen darbejiya. Samari biyu suka ɗaga jakar. Allura ta zarce 40 tana rawa. Nan take dattawa suka shimfiɗa tabarma suka zama kwamitin rage kaya, ni kuwa ko kujerar ɗan kallo ba a ba ni ba. Littattafaina aka fara cirewa, don wanda za shi neman ilimi me zai yi da wanda ya riga ya samu? Takalma biyu suka bi baya, tunda ƙafa biyu gare ni kuma akwai na ƙafata. Da aka zo kan kwamfuta, Kawu ya juya ta ya ce, "Ba can ake ƙera su ba?" Da ƙyar na ƙwace ta. Daddawa, kuka, kuɓewa da garin ɗanwake ko kallonsu ba a yi ba, su ne 'yan gida.

Sai Baffa ya ɗago kai. "Shi mutum, ana auna shi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Rigar Ƙofar Wambai tana da aljihu ciki da waje, kuma ba a bar ko ɗaya fayau ba.

Daren tafiya aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya batse, mai motar da muka yi alkawari da shi ya tsaya a can ƙetare yana danna ham. Aka ɗaura wa shanu amalanke. Ina cikin rigar da aka ɗinka don ƙanƙara, rana ta fito da zafin bayan ruwa, gumi yana bin ƙafata, na laluba aljihun da na ajiye fasfo. Babu.

Aka birkice ɗaki. Aka ɗaga katifa, aka zazzage buhunan da ba su san hawa ba balle sauka. Wani yaro ya ce ya ga akuya tana tauna wani abu kore, nan da nan aka kama ta ana buɗe mata baki, tana ihu, ina ji kamar in taya ta. Duk wannan bidiri Inna tana bakin murhu tana iza wuta. Ta san inda yake. Ita ta ɗauke shi da tsakar dare da ta ji ɗakina yana yoyo. Amma auta ta tafi gona korar tsuntsu, babu tafinta, ita kuwa ba za ta zubar da kunyar shekara da shekaru saboda ɗan littafi ba. Sai da ta ga an koma kan akuya karo na biyu, sannan ta dubi bango ta ce, "Mai neman abinsa ya duba cikin daddawa."

Yana can kuwa, a tsakiyar ƙullin, a ƙasan jaka, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

A filin jirgin Malam Aminu Kano jaka ta hau sikeli ta sauka lafiya, Baffa yana murmushin wanda ya ci gari da dabara. Kilishi da man shanu na roƙi arziki aka bar su a mota, kuma kafin in shige na hango Kawu ya fara rage wa kilishin nauyi. Wajen bincike aka ce in tuɓe riga in ɗora a faranti. Dafaffen ƙwan zabi ya gangaro, wani ya bi shi, tumu ya leƙo ta hannun riga. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Malam, karatu za ka ko talla?" Na raba wa na bayana a layi, aka yi ta sa wa Inna albarka.

Fasfo kuwa ya riga ya sha. A Landan jami'in shige da fice ya buɗe shi, ya ɗan ja baya da kujerarsa, ya dube ni, ya dubi hoton. Na gabana sun sha tambayoyi. Ni tambaya ɗaya ya yi, yana riƙe da numfashi, ya miƙo mini abina da yatsu biyu.

Ban daɗe da sauka ba wani ɗan Kano ya kai ni unguwar Peckham, inda shagunan 'yan Najeriya suke jere. Ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa, ga yaji, har da manja. Na buga waya gida na ba da labari. Na ji auta tana maimaitawa, na ji shiru, sannan muryar Inna daga nesa:

"Ki ce masa nasu ba na gonarmu ba ne. Ki kuma tambaye shi, ya kai wa yaron nan na Madina saƙonsa? Uwarsa ta zo sau biyu."