Zuwa Ga Alhaji Faranti Na Bakin Kogi

Alhaji Faranti, ɗan kawuna, ubangidana na dole. Yaya wuya? Labari ya iso mana har Katsina cewa tun da ka sayo kwamfutar hannun nan mai inci 11 kake fama da sanƙarau, saboda ka rantse da ita za ka riƙa amsa kira. Ka tsaya tsakiyar kasuwar kifi ta Haɗeja, ka kara ta a kunne, ta rufe maka fuska har da rabin hula. Masu banda sun ce da farko sun zaci tallar ƙosai ka fara. Ba ni na raɗa maka sunan ba, wallahi. Goron suna kawai na saya.

Da a nan ka tsaya da na ƙyale ka, don kowa da irin jarabarsa. Sai kuma aka ce a wajen ɗaurin aure ka tara jama'a kana yi musu bushara, wai nan da 'yan shekaru babu mai riƙe waya, babu mai buɗe laftof, duniya duk tabilet za ta koma. Kai da ko lambar sirrin ATM ɗinka sai ka kira uwargida ta tuna maka, yau kai ne mai hango gobe. To gyara zama, ɗan gwaggonka zai karanta maka.

Busharar taka ta tsufa, ranka ya daɗe. A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPad, shugabansa na lokacin Steve Jobs ya ce kwamfutar tebur za ta zama ta masu aiki mai nauyi kaɗai, sauran jama'a kowa zai koma kan irin abin da kake saɓawa yanzu. Duniya ta yarda. Ciniki ya yi ta hawa har 2014, ana sayar da sama da miliyan 200 a shekara, daga nan ya fara gangarowa. Annobar korona ta 2020 ta ɗan farfaɗo da shi, da aka kulle yara a gida suna karatu ta intanet, ana buɗe makarantu kuma ya sake lafawa. Wato ka iso ɗaurin auren bayan an shafa fatiha, kana tambayar ina ango.

Ka san wanda ya ci kasuwar? Wayar da kake rainawa. A 2011 Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3, mutane suka yi ta dariya wai wa zai sa wannan a aljihu. Apple ma ya yi ta cijewa, sai a 2014 ya sauko ya yi iPhone 6 Plus mai inci 5.5. Yau je ka shagon waya mafi ƙanƙanta a Malam Madori, ka ce a ba ka Tecno ko itel ta talaka, za a miƙo maka mai inci 6 da rabi. Waya ta yi ta ƙiba har ta cinye aikin tabilet, kuma ba ta fasa shiga aljihun kaftani ba. Taka kuwa sai da aka ɗinka mata jaka. Na ji ma telan ya caje ka kuɗin rabin wando.

Kuma wayoyin da suka mamaye ƙasarmu ba a Amurka aka yanke shawararsu ba. Tecno da itel da Infinix duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, kuma shi ke kan gaba a kasuwar wayoyin Afirka. Mutanen nan zama suka yi suka kalle mu da kyau. Suka ga layi ɗaya ba ya isar mu, don sabis ɗin da ke kamawa a cikin gari yakan ɓace kafin ka kai Guri, suka sa gidan sim biyu. Suka ga wutar lantarki baƙuwa ce, suka ɗura batir mai 5,000 mAh. Suka sa Hausa a cikin harsunan wayar. Har kyamara suka gyara don ta riƙa fito da baƙar fata yadda take, ko da yake a kanka na ga ta yi iya ƙoƙarinta ta haƙura. Ba laifinta ba ne.

Yanzu bar ni in yi maganar da ba wasa a cikinta, na ɗan lokaci kawai, kada ka saba. Ku mutanen fadama ne, kuma ruwa ke yi muku hukunci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya sauya hali. Ruwan da a da yakan zo da damina ya janye da rani, sai ya koma yana kwance a wasu wurare shekara cur, kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyinsa. Idan aka yi damina mai ƙarfi, ruwa ya rasa ta inda zai wuce, sai ya nufi gonaki da gidaje. Ka ga abin da ya faru a 2020, ka ga na 2022, daga Auyo da Kafin Hausa har Kiri Kasamma da Guri. Mutumin da ruwa ya tasa cikin dare, yaro a kafaɗa, tsohuwa a hannu, abin da yake iya ɗauka shi ne wanda zai ƙulle a leda ya cusa cikin hula. Da shi zai haska hanya, da shi zai kira mai kwale-kwale, da shi ɗan'uwansa na Kano zai turo masa abin sayen garin kwaki. A irin wannan dare, 'yar rakani-kashin nan mai tocila da ke kwana huɗu ba caji ta fi duk wani abu mai sheƙi daraja. Allah Ya kiyaye gaba, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, na dawo. Kai da na sani, da ruwa zai zo, Allah Ya sawwaƙe, farantin za ka fara ɗorawa a ka, sannan ka tuna kana da iyali.

Ko ba ambaliya, dubi manomin shinkafa a filin noman rani na Auyo. Ƙafarsa cikin taɓo, hannu ɗaya a kan bututun injin ban-ruwa, ɗayan riƙe da waya. Ba rubutu yake yi ba. Danna WhatsApp yake ya yi magana, ya tambayi dillali nawa buhu ya kwana, ya ɗauki bidiyon jan-baki sun taso daga cikin kachala ya tura wa maƙwabcin gona ya fito da yara da gwangwani. Mai kifi ya ɗauki hoton kwalin tarwaɗa ya tura wa abokin cinikinsa na Kudu, kafin mota ta tashi alat ya shigo. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, tsofaffin da suka rantse ba za su taɓa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yawu ba, da bakinsu suka koyi cewa "turo ta transfa". Injin POS ɗin da ke kowane lungu ma, da yawansa waya ce aka liƙa mata abin buga rasit. Duk wannan hidima da hannu ɗaya ake yin ta. Taka tana neman hannu biyu da cinya da inuwa, wani lokacin har da yaro mai riƙe caja.

Kada ka ce na yi maka rashin adalci, tabilet tana da gidajen da take kwana. Gwamnati na son ta. Na'urar BVAS da aka tantance ka da ita a zaɓen 2023 'yar gidansu ce, ma'aikatan lafiya da masu ɗaukar bayanai gida-gida ma da irinta suke yawo. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare a 2013, ta sa mata suna Opon Imo, aka yi ta kiɗa, daga baya kiɗan ya yi sanyi. Malamai na buɗe littattafai a kanta wajen karatu, tsoho mai raunin ido kuma yana jin daɗin ƙara girman baƙi idan zai yi tilawa. Sai yara masu kallon katun. Duba jerin nan da kyau. Kai ba ma'aikacin zaɓe ba, ba alaramma ba, kuma manhajar Alƙur'anin da ke cikin taka an ce tun azumin bara take jiran ka dawo. Saura rukuni ɗaya, ni dai ban ce komai ba.

Inda busharar taka ta fi ba ni haushi shi ne da ka ce laftof ta mutu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaro ya taso daga ƙauye, ya ƙware a TikTok, babban yatsansa ya fi naka gudu sau goma, amma a zaunar da shi gaban kibod da linzami sai hannu ya kama rawa, lokaci na tafiya yana neman inda harafi yake. Ɗaliban kwalejin Binyaminu Usman da ke garinku, da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da yawansu sai sun biya mai shagon buga takardu kafin kundin kammala karatu ya fito. Waya ta iya kallo da saurare da ciniki, amma wanda zai rubuta shafi hamsin, ko ya yi lissafin kamfani, ko ya ƙera manhaja, dole ya zauna gaban kwamfuta. Zamanin Saminu Turaki, da aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, mutane da yawa sun ce ina ruwan manomi da wannan. Kai ma ka faɗa, ina wajen. Kuɗin da ka zuba a farantin nan da ya sayi laftof ta hannu mai lafiya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da 'yarka mai shirin JAMB ta samu abin koyo. Yarinyar ƙwaƙwalwar gwaggonka ta ɗauko, wato tsohuwata, kada ka ɓata mana ita.

Na ji kuma idonka ya fara faɗawa kan waya mai naɗewa, wadda za ka buɗe ta zama tabilet, ka rufe ta koma waya. Samsung ya fitar da tasa a 2019, Tecno ya yi Phantom V Fold a 2023, Huawei ma ya yi mai ninki uku a 2024. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce shaidar cewa tabilet ba ta da mafita sai ta ɓuya a cikin waya. Amma kuɗinta zai saya maka injin ban-ruwa fiye da ɗaya, ga shi tun da naira ta faɗi a 2023 komai na waje ya yi tsalle, kuɗin kira da data ma an ƙara kashi 50 cikin 100 a 2025. Sannan maganaɗin da take naɗewa a kansa bai san ƙurar hunturu ba, bai san yashin Birniwa ba. Ranar da gilashin ya tsage, kuɗin gyara kaɗai zai sa ka fara kallon gonar kawu da wani irin ido. Ina gaya maka tun yanzu, tsohuwata ma tana da gado a gonar nan.

Na san ba za ka ji ba. Taurin kai gadonku ne. Sarkin Haɗeja Buhari ya ƙi sauraren Sakkwato, Sarki Muhammadu ya tsaya ya fuskanci Turawa a 1906 har ya yi shahada. Su a kan sarauta da mutunci suka kafe. Jikansu ya kafe a kan abin kallon wasan Hausa.

In kana son bushara ta gaskiya da za ka kai majalisa, ga ta kyauta. Babbar waya ce za ta ci gaba da zama kwamfutar mafi yawan mutanenmu, kuma wadda ta fi riƙe caji, ta fi jure faɗuwa, ta fi sauƙin gyara, ita za ta ci kasuwa. Mai buƙatar babbar fuska zai jona ta da talabijin da kibod, Samsung ya fara wannan tun 2017. Kuma da yake mutanenmu da baki suke aiki da waya, babban sauyin zai zo ne ranar da na'ura ta iya jin Hausa sosai, manomi ya tambaye ta maganin tsutsar masara ta amsa masa. Ta Katsina za ta fara ganewa, don ita ce Hausa. Taku ta Haɗeja sai an ƙara mata batir.

Saboda haka ka kai wa kawu farantin ya riƙa tilawa da shi, ka samu lada ko sau ɗaya. Ka sayi waya irin ta mutane, ka nema wa yarinyar nan laftof. Sannan watan cika-ciki na tafe, kuɗin sharata na bana da na bara suna wuyanka. Ka turo ta transfa, kuma kada ka ce mini babu sabis, na san inda kake tsayawa ka samu. Ka haɗo da kwalin banda a motar Kano. Banda na ce, Alhaji, ta kifi. Busassun kwaɗin da kuke lodawa Kudu ka riƙe abinka.