'Yan Jarrabawar Kwamfaila a Bakin Watari

In jarrabawa ta matso a jami'o'in Kano da Wudil, za ka ga wasu samari a gindin bishiyoyin da ke kusa da dam ɗin Watari, ta wajen Bagwai, sun baje takardu, fuska a murtuke. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne da suka gudo gida, wai hayaniyar makaranta ta hana su karatu. Kwas ɗin haɗa kwamfaila ne ya sako su a gaba, wato manhajar da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta a harshe irin C, ta mayar da shi yaren da inji ke ganewa.

Akwai Alaramma. Ya haddace matakan nan shida daram: tsinka rubutu zuwa kalmomi, duba nahawu, duba ma'ana, lambar tsaka-tsaki, gyara ta don ta yi sauri, sai fitar da lambar inji. Yana jero su yana rangaji kamar mai tilawa. Amma rubuta masa a + b * c, ka ce ya zana bishiyar jimlar, sai ya ce ai wannan ba ya cikin handawut.

Kusa da shi Mai Dodo yake zama. Shi ne ya mallaki littafin nan na su Aho da Ullman mai hoton dodo a bango, bugun 2006, shafi wajen dubu. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa majalisa, har kakarsa ta ce a fitar mata da wannan abu daga ɗaki. Zai gaya maka marubutan biyu sun ci kyautar Turing ta 2020, Grace Hopper ta yi tata kwamfailar a 1952, Fortran ta fito a 1957. Duk gaskiya ne, kuma duk tare ba za su kawo masa maki biyu ba. Babi na huɗu, inda nahawu yake, inda kuma rabin tambayoyi ke fitowa, har yau bai ga hasken rana ba.

Boka kuwa tsofaffin tambayoyi ne jarinsa. "Malam ba zai kawo tambayar nahawun LR bana ba, ai bara ya kawo." Malam ya kan kawo.

Sai Mai Sabis, wanda ke hawa tudun dam yana ɗaga waya sama don sauke darussan malaman Indiya a YouTube. Ya sauke sun fi a ƙirga, ya kalli biyu, sauran data ta tafi a TikTok. Abin da ya samu dai shi ne kaɗa kai.

Na fi tausaya wa Manomi, don hujjarsa tana da ƙarfi. "Kwamfaila za ta saya mini buhun taki?" in ji shi, yana nuna albasarsa ta noman rani. Ba wanda ke iya ba shi amsa. Sai dai wannan ne karo na biyu da kwas ɗin ya riƙe shi, kuma ba a ba da digiri da albasa.

Ta ƙarshe ɗaliba ce, ba ta zuwa gindin bishiya. Tana tsakar gida da tsinke a hannu, tana zana da'ira da kibiya a ƙasa, tana bin kowane harafi ta ga inda zai kai injin, ta share, ta sake. Da inna ta leƙo ta ga zanen, sai ta kira ta gefe: "Ke, ba dai bugun ƙasa kika koyo a birni ba?" Saura kwana biyu a koma, duk su biyar sun aiko ƙannensu aron littafinta.

Ɗalibi, in wannan jarrabawar ce a gabanka, ɗauki biro ka warware nahawu uku da hannunka kafin ka hau motar Kano. Kujerar da ke kusa da ɗalibar nan mai tsinke an riga an kama.