Maharban Ƙarshen Ruwa

Daga watan Maris bazara ke fara tsotse tafkunan fadamar Gulbin Zamfara. Baƙin agwagi na shirin komawa Turai, dinya da kirinjijiyar da suka rage kuwa sun sha harbi har sun gane ƙarar kunamar bindiga. A irin wannan lokaci ne halin kowane maharbi ke fitowa fili, daga Dogon Daji har Kuchi.

Akwai wanda harbinsa bai taɓa faɗuwa ƙasa banza ba, sai dai kullum tsuntsuwar cikin ciyawa take faɗawa, inda ba mai iya shiga. Akwai mai tari, wanda maƙoshinsa ba ya motsi sai garke ya sauka.

Gwanina dai shi ne mai ƙoƙon burtu. Dabarar kakanni ce ta yaudarar barewa a daji, shi kuwa ya ɗauko ta ya kawo bakin tafki. Zai ɗaura kan burtun a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa cikin taɓo yana rarrafe. Taku uku, sai ya tsaya ya yi kamar yana caccakar ƙasa, har da waiwaye irin na burtu mai hankali. Matsattsaku na shan jininsa, bai ko sosa ba. Agwagin na kallonsa da ido ɗaya, suna matsawa gaba a hankali, daidai gwargwadon matsowarsa. Sai hantsi ya dubi ludayi sannan ya kai, ya auna, ya ja kunama: ƙyas! Albarushin harbi-rugar ya jiƙe tun a taɓon farko. Ya miƙe da burtunsa a karkace, ya doka mana tsawa: "Wa yay yi motsi cikinku?"

Mu da muke zaune gindin giginya riƙe da takalman jama'a da wuƙar yanka, wane motsi za mu yi kafin lokacin rabo?

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai zuwa da magariba ba bindiga, sai ƙullin shinkafa da ya jiƙa da maganin ƙwari. Ya watsa a bakin ruwa ya tafi ya kwanta. Da asuba ya tsince dinya, ya bar balbela da shirwa a zube inda shanun Fulani ke shan ruwa. Mushen nan zai fige, ya tsaga musu wuya don a ce yankakku ne, ya kai kasuwa wata uwa ta saya ta dafa wa 'ya'yanta.