Yadda Bangon Sito Ya Koya Mini In'ina

Duk wanda ya san ni a Kafanchan kafin aukuwar wannan al'amari ya san cewa idan akwai baiwar da nake alfahari da ita, har nakan mance cewa aro Ubangiji ya ba ni, to, fasahar harshe ce. Domin na daɗe ina koyar da nahawu da balaga, kuma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwarmu face an ce Malam ya tashi ya ce wani abu. Saboda haka da ɗan yayana ya sauke Alƙur'ani, aka sa ranar walima a tsakiyar hunturu, lokacin da busasshiyar cittar Kwoi da Kachia ta cika kasuwa, ban jira an roƙe ni ba na ɗauki nauyin jawabi, na kuma haɗa da nauyin lasifika, wanda shi ne asalin musibar.

Mai hayar kayan ya nemi kuɗi kashi biyu, na kaya da na yaron da zai kula da su. Na biya na farko, na hana na biyu, ina kafa hujja da cewa mutumin da ya haddace Alfiyyar Ibn Malik, baiti dubu, ba zai kasa da waya uku da maɓalli huɗu ba. Yaron ya sauke kayan, ya rusuna ya ce, "Malam, don Allah dai kada bakin lasifika ya kalli makirufo." Na ce masa ya gaida mahaifinsa.

Da jama'a suka hallara, na rataye lasifikar nan mai bakin mazurari a reshen mangwaro, daidai ƙeyata, don in riƙa jin daɗin muryata tare da kowa. Na murɗa maɓalli har ƙarshe, na yi gyaran murya. Ban kai ga sallama ba sai wata irin kururuwa ta tashi, siririya, mai huda kunne, tana ƙaruwa kamar ba za ta tsaya ba sai ranar busa ƙaho. Jarirai suka fashe da kuka, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Kasancewar garinmu jirgin ƙasa ne ya raine shi, tun 1927 da layin dogo na Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, reshe kuma ya nufi Jos, sai wani dattijo da ke gyangyaɗi ya farka, ya duba agogonsa cikin natsuwa, ya sanar da na kusa da shi cewa jirgin Fatakwal ya makara yau ma.

Illar abin, kamar yadda na fahimta bayan ya daina amfanata, ita ce makirufo kunne ne, lasifika kuwa baki. Idan kunnen ya ji abin da bakin ya furta, sai ya miƙa wa akwatin ƙara sauti, shi kuma ya ninka ya mayar wa bakin, kunnen ya sake ji, haka dai ba iyaka. Faransawa suna jingina wannan kuka ga wani masani mutumin Denmark mai suna Larsen, amma malaman manɗiƙi sun riga shi sanin ɓarnar abin, tun da suka hukunta cewa dauri, wato abu ya dogara ga abin da shi ma ya dogara gare shi, ɓatacce ne. Ni da na karantar da wannan mas'ala ban gane ta ba da ta zo mini a reshen mangwaro.

Na juya bakin lasifikar ya bar ƙeyata, kururuwa ta mutu, na ce alhamdu lillahi, ban lura ba cewa yanzu ya fuskanci doguwar katangar wani siton citta da ke hayin fili. Na buɗe baki na ce, "Jama'a," kafin in rufe sai katangar ta ce, "ma'a." Na sake, ta sake. Daga nan harshen da ya saba zuba kamar ruwan Matsirga a damina ya soma tuntuɓe: "Ja-ja-jama'a, mu-mu-mun ta-taru." Ina jin kaina, ina ƙoƙarin tsayawa in bar mai maganar ya gama, alhali ni ne mai maganar.

Washegari na auna tazarar da ƙafata, na sami taku arba'in da biyar, wato wajen mita 34. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, zuwa da dawowa kuwa mita 68 ne, ke nan muryata tana komo mini bayan humusin daƙiƙa. Kuma masana sha'anin ji sun tabbatar cewa wannan gwargwadon jinkiri shi ne mafi sharri ga mai magana, domin kunne yana kawo wa ƙwaƙwalwa labarin gaɓar da ta wuce daidai lokacin da harshe ya kama ta gaba. Da katangar ta fi haka kusa ko nisa, da wataƙila na tsira da mutuncina.

Gwaggona dai ba ta jira lissafi ba. Ta keto taron maza da kaskon turare tana cewa, "Sun jefe shi! Na sha gaya maka, ɗan nan, bakin mutane ba ya barin mai baki!" Ta kanga mini hayaƙi a hanci, na sarƙe da tari, lasifika ta ɗauki tarin ta kai wa katanga, katanga ta dawo da shi, har wasu suka rantse mu biyu ne muke yi.

Wanda ya cece ni maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin reluwe, mutumin Kagoro, wanda ke kula da lasifikar cocinsu, ya kuwa zo taya mu murna ne kawai. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, ba aljani ba ne, bango ne. Mu da muka tashi a gindin dutse, tun muna yara yake mayar mana da magana." Na ce, "Ba-baba, a taimaka." Ya sunkuyar da bakin lasifikar ya kalli mazauna tabarma, yana cewa riguna da rawuna suna shanye sauti, siminti kuwa ba ya karɓar baƙo, ya rage maɓallin da rabi, ya koma mazauninsa. Duka aikin bai kai minti guda ba.

Na gyara tsayuwa zan fara jawabin da na kwana uku ina tsarawa, sai liman ya duba rana ya ce la'asar ta yi, tuwo kuma yana hucewa, a shafa fatiha.

Gwaggo har gobe tana ba da labarin yadda turarenta ya kori abin cikin ɗan lokaci, ni kuwa ban taɓa samun ƙarfin halin musa mata ba. Kuɗin yaron na kai masa da kaina, ya karɓa da hannu biyu bai ce komai ba, abin da ya fi mini zafi. Almajiraina suna kirana Malam a gabana. A bayan ido kuwa, daga tashar jirgi har bakin kasuwa, sunana Malam Ja-ja.