Zuwa ga Mai Girma Tebur na Biyu, Mazaunin Bayan Allon Kwamfutata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, ina fatan kana lafiya a duk inda kake, don gaskiya ban san inda kake ba. Wannan ma shi ne dalilin takardar.

Yau da hantsi yaron shagona yana goge ƙurar hunturu daga kan maɓallai da tsumma, sai allon ya zame gefe ɗaya. Aikin kammala karatun wata ɗaliba, wanda muka kwana muna gyara masa jadawali, ya yi ɓatan dabo. Hoton bango yana nan, agogo yana tafiya abinsa, amma babu taga ko guda. Ɗalibar ta ɗora hannu a ka tana salati, yaro ya hau rantsuwar bai taɓa komai ba, ni kuwa har na fara lissafin kuɗin da zan mayar. Ashe kai ne. Tsumma ya danne maɓallai uku a lokaci guda, ka buɗe sabon tebur fayau, ka jefa mu ciki, ka bar aikin a tebur na farko, ko tari ba ka yi ba.

An ce kai ɗan babban gida ne. Tun 1986 masana a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya suka tsara kakanka, domin allo ya yi wa mai aiki kaɗan, a ba shi wurin rubutu daban, wurin lissafi daban. Tunani mai kyau, Allah ya saka. To, kusan shekara arba'in ke nan, har yau ba a sami wanda zai sa maka ƙofa ba? Wane irin magini ne zai zuba wa mutum ɗakuna huɗu, ya shafe ƙofofin da siminti, ya ce mai son shiga ya haddace kalmar sirri?

Kalmar sirrin ma ba ɗaya ba ce. A wannan na'ura maɓalli biyu da kibiya. A waccan, yatsu uku ko huɗu za ka shafa, ka yi da biyu shafi ne kawai zai gangara. Wani abokin sana'a ya ce in gwada Ctrl da Alt da kibiya, haka ake yi a tasa. Na gwada a tsohuwar kwamfutar shago, allon gaba ɗaya ya kife, ƙasa ta koma sama. Haba! Ina neman takarda, na koma karatu da wuya a karkace, kwastoma na tsaye tana kallona.

Kuma ba ka da kunya. Na danna Alt da Tab in ga abin da ke buɗe, ka nuna mini na wannan teburin kaɗai, wato babu komai, alhali aikin na can kana zaune a kansa. Ɗan gunkin da ake cewa shi ne hanyarka kuwa, wasu murabba'ai ne biyu a ƙasan allo da ba su yi kama da komai ba. Wa zai kalle su ya ce hanya ce?

Sauran laifuffukan ba zan ja su ba. In an rufe ka, ka kwashe tarkacenka ka jibge wa maƙwabci. In masu wuta sun ɗauke, ka dawo da sunanka da lambarka, cikinka wayam.

Ba mulki nake nema ba, ranka ya daɗe. Ka rubuta a kusurwar allo, da manyan baƙaƙe, cewa ga teburin da nake kai, ga kuma yawan tagogin da ke ɗayan. In hakan ya fi ƙarfinka, ka bar mini tebur ɗayan da na saba da shi, cunkosonsa bai taɓa sa kwastoma kuka ba.

Naka, ba da son rai ba,
Mai buga takardu a bakin wata makaranta, Kano